Stephen Kleene, Masanin Lissafin da Ya Ƙera Rariyar Tankaɗe Rubutu

Ɗaliban kimiyyar harshe sun saba da ƴar tauraruwar nan da ake sakawa a gaban jimla domin a nuna ba ta karɓu ba, ko a gaban kalma domin a nuna masana ne suka sake gina ta. Akwai wata tauraruwa ta biyu wadda ke zuwa a bayan harafi, ma'anarta kuwa ita ce harafin na iya maimaituwa iya yadda ake so, ko kuma ya ƙi zuwa ɗungum. Ana kiranta tauraruwar Kleene, da sunan wani masanin lissafi ɗan Amurka, Stephen Cole Kleene, wanda ya rayu daga 1909 zuwa 1994. A yau tana aiki dare da rana a cikin na'urorin da ke karɓar wasiƙun imel, inda take taimakawa wajen tankaɗe saƙonnin shara da wasiƙun jabu kafin su isa ga mai akwati. Mai ita ya ƙare rayuwarsa ne wajen auna iyakar abin da lissafi zai iya yi, kuma kayan aikin da ya bari sun gaji wannan hali: an san abin da suke iyawa, an kuma san daidai inda ƙarfinsu ya tsaya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Kleene ranar 5 ga Janairun 1909 a birnin Hartford na jihar Konetikat, a arewa maso gabashin Amurka. Mahaifinsa farfesa ne na ilimin tattalin arziki a kwalejin Trinity da ke birnin, mahaifiyarsa kuwa marubuciyar waƙoƙi ce. Iyalin na da gona a jihar Maine, can yake yin hutu tun yana yaro, can kuma ya ƙulla zumunci da daji da duwatsu, zumuncin da bai yanke ba har tsufansa. Mutane da yawa kan karanta sunansa kamar Kilin ko Kilini, shi kuwa Kileni yake furta shi.

Ya sami digirinsa na farko a kwalejin Amherst a 1930, daga nan ya wuce jami'ar Firinston domin neman digirin dakta a hannun Alonzo Church. Ya isa a lokacin da ilimin lissafi ke cikin ruɗani a kan tushensa. Tun 1928 babban masanin nan na Jamus, David Hilbert, ya jefa wa duniya tambaya: shin akwai wata hanya tabbatacciya, mai bin mataki bayan mataki, da za ta iya tantance ko kowace magana ta mantiƙi ingantacciya ce? A 1931 kuma Kurt Gödel ya nuna cewa duk wani tsarin ƙa'idoji marar tufka da warwara da ya isa ya ɗauki ilimin lambobi yana ɗauke da maganganun da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Kafin a amsa tambayar Hilbert sai an fayyace mene ne bin mataki bayan mataki, kuma wannan ne aikin da Church da ɗalibansa suka sa a gaba.

Church ya ƙirƙiro wani salon rubutu, lissafin lamda, wanda a cikinsa lamba ba komai ba ce illa yawan maimaita aiki: uku na nufin a yi abu sau uku. Tarawa da ninkawa sun zo da sauƙi a wannan salo, amma cire ɗaya daga lamba ya gagara, domin aikin da aka riga aka yi ba ya komawa baya. Kamar yadda Kleene ya ba da labari daga bisani, yana zaune a kujerar likitan haƙori a 1932 mafita ta faɗo masa. Dabarar ita ce a fara ƙirga daga sifili ana riƙe da lambar da ake kai tare da wadda aka baro a baya, idan an iso inda ake so sai a miƙa ta bayan. Wannan ƴar nasara ce ta ƙarfafa zaton cewa duk abin da ake iya lissafawa ana iya rubuta shi da lamda.

Ya kammala digirin a 1934. A shekarar ce Gödel ya gabatar da jerin laccoci a Firinston, Kleene da abokin karatunsa Barkley Rosser suka rubuta su, rubutun nasu ya zama abin dogaro ga masu nazari. A 1935 su biyun suka wallafa hujjar da ta nuna cewa babban tsarin mantiƙin malaminsu yana karo da kansa. Tsarin ya rushe, amma lissafin lamda da ke cikinsa ya tsira. A 1936 aka tabbatar, da hannun Kleene dumu-dumu a ciki, cewa abin da lamda ke lissafawa daidai yake da abin da hanyar Gödel ke lissafawa, ba da jimawa ba kuma Alan Turing na Ingila ya nuna cewa na'urar da ya zana a takarda ita ma nan ta tsaya. Hanyoyi uku mabambanta sun ɓulla a wuri guda, amsar tambayar Hilbert kuma ta fito: babu irin wannan hanya. Kleene ne ya raɗa wa ra'ayin da ke cewa nan ce iyakar lissafi sunan hasashen Church, sunan da ake amfani da shi har yau.

Koyarwa da aikin soja

A 1935 ya kama aikin koyarwa a jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madison. A shekarun da suka biyo baya ya aza harsashin fannin da ake kira nazarin abin da ke lissaftuwa, ya kuma tsara matakan wuyar matsalolin da ba su lissaftuwa, yana nuna cewa ko a cikin abin da ya gagara akwai wanda ya fi wani gagara. Ya koma Amherst a 1941, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi. Daga 1942 zuwa 1946 ya yi aiki a rundunar ruwan Amurka, da farko yana koyar da sababbin hafsoshi dabarun gano hanya a teku a birnin Niyok, daga baya yana jagorantar bincike a cibiyar rundunar da ke Washintan. A 1942 ɗin ne ya yi aure, aka haifa masa ƴaƴa huɗu. Da yaƙi ya ƙare ya dawo Madison, ya zama cikakken farfesa a 1948.

Bazarar 1951

Aikin da ya kai sunansa inda bai taɓa tsammani ba ya fito ne daga wata ƴar kwangilar hutu. A bazarar 1951 cibiyar bincike ta RAND da ke Santa Monika a jihar Kalifoniya, wadda rundunar saman Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gayyace shi ya duba wata maƙala ta 1943 da Warren McCulloch da Walter Pitts suka rubuta. Waɗannan biyun sun kwatanta ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da ƴan makunnai, kowanne ko a kunne ko a kashe, an sarƙa su kamar raga. Tambayar da Kleene ya yi ita ce: wane irin jerin abubuwa ne irin wannan raga za ta iya ganewa?

Ya sauƙaƙa ragar zuwa na'ura mai ƙidayayyun zanguna. Ana iya kwatanta ta da matafiyin da bai san komai ba sai zangon da yake a yanzu. Kowane harafi da ya karanta yana gaya masa zangon da zai koma, ba ya riƙe da tarihin hanyar da ya biyo, kuma idan haruffa suka ƙare yana tsaye a ɗaya daga cikin zangunan da aka ware, an karɓi kalmar ke nan. Sannan Kleene ya kawo wani gajeren salon rubutu mai aiki uku kacal. Na farko jerantawa, wato wannan ya biyo wancan. Na biyu zaɓi, wato wannan ko wancan. Na uku maimaici, wanda tauraruwa ke nunawa. Abin da aka rubuta da waɗannan ukun shi ne za a iya kira tsararren zubi da Hausa, littattafan Faransanci na ce masa expression régulière ko expression rationnelle, masu aikin kwamfuta kuma na taƙaita shi da rejeks.

Misali daga gida zai fayyace shi. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi, wato BW da BWW da BWB. Idan aka rubuta (BW|BWW|BWB)*, inda tsayayyen layi ke nufin zaɓi, an bayyana ƙirar kalmar Hausa komai tsawonta a cikin layi guda: kalmar makaranta ta shige, jerin baƙaƙe uku a farkon kalma kuwa an mayar da shi. Abin da Kleene ya tabbatar shi ne cewa duk abin da tsararren zubi ya bayyana akwai na'ura mai ƙidayayyun zanguna da za ta gane shi, kuma duk abin da irin wannan na'ura ta gane akwai zubin da ke bayyana shi. Rahoton ya fito a Disambar 1951, aka wallafa shi ga jama'a a 1956 a cikin littafin Automata Studies wanda Claude Shannon da John McCarthy suka tace. A rubutunsa na asali tauraruwar tsakanin abubuwa biyu take zama, wasu masana ne a 1958 suka mayar da ita mai bin abu guda kamar yadda aka san ta yanzu. Shi kansa bai gamsu da sunan da ya ba wa abin ba, har ya nuna cewa zai yi maraba da wanda ya fi shi dacewa.

Inda ya haɗu da nahawu

A shekarar 1956 ɗin ce Noam Chomsky ya wallafa maƙalarsa a kan hanyoyi uku na bayyana harshe, ta farko a cikinsu kuwa ita ce nahawu mai ƙidayayyun zanguna. Ya yi watsi da ita a matsayin ma'aunin ginin jimla, dalilinsa kuma yana bayyana a Hausa kamar yadda yake bayyana a Ingilishi. A dubi wannan jimla: yaron da karen da maƙwabci ya saya ya ciza ya warke. Sunaye uku sun zo a jere, aikatau uku sun biyo, kowanne yana komawa ga mai shi daga ciki zuwa waje. Idan nahawu ya yarda a ci gaba da cusa ganga a cikin ganga ba iyaka, dole mai sauraro ya ƙirga sunayen da ya buɗe domin ya rufe su, matafiyin da ya san zangonsa kaɗai kuwa ba zai iya ƙirgan da ba shi da iyaka ba. Da Chomsky ya jera nau'o'in nahawu hawa huɗu a 1959, harsunan Kleene suka zauna a hawa mafi ƙanƙanta.

Abin da ya kasa a ginin jimla sai ya yi fice a tsarin sauti da ƙirar kalma. C. Douglas Johnson ya nuna a 1972 cewa dokokin tsarin sauti, yadda ake amfani da su a zahiri, ba su wuce ƙarfin na'ura mai ƙidayayyun zanguna ba. Kimmo Koskenniemi na jami'ar Helsinki ya gina na'urar feɗe kalmomin harshen Finlan a kan wannan tushe a 1983, Ronald Kaplan da Martin Kay kuma suka wallafa cikakken bayanin lamarin a 1994. Jam'in Hausa irin na taga da tagogi, ko ƙofa da ƙofofi, yana kwafar baƙi guda ne, baƙaƙe kuma ƙidayayyu ne, don haka na'urar za ta iya. Haka ganɗantawar da ke mayar da t zuwa c a mota da motoci, haka ragaggen ninki irin na buga da bubbuga. Cikakken ninki kuwa, irin na maza-maza da iri-iri, in aka ɗauka ba a ƙayyade tsawon abin da ake kwafa ba, ya fi ƙarfinta, domin sai ta tuna kalmar baki ɗaya.

Sauran rayuwarsa da rasuwarsa

Kleene bai daɗe a kan tsararren zubi ba, ya koma ga mantiƙi. Littafinsa na 1952, Introduction to Metamathematics, ya tarbiyyantar da masana da yawa, aka kuma fassara shi zuwa wasu harsuna. Ya shugabanci sashen lissafi na jami'arsa, ya kuma shugabanci sashen da daga baya ya zama na kimiyyar kwamfuta. Daga 1969 zuwa 1974 ya riƙe shugabancin tsangayar adabi da kimiyya, a daidai lokacin da zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam ta hargitsa jami'ar. A Agustan 1970 aka tayar da bam a wani gininta, wani mai bincike ya rasa ransa, a cikin shekarar kuma matarsa ta rasu. Ya sake aure a 1978, ya yi ritaya a 1979. An zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Amurka a 1969, aka ba shi lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya a 1990. Ya ci gaba da hawan duwatsu da fafutukar kare muhalli har ƙarfi ya ƙare. Ya rasu a Madison ranar 25 ga Janairun 1994, yana da shekara 85.

Daga takarda zuwa akwatin wasiƙa

Tun yana raye wasu suka mayar da zubinsa kayan aiki. A 1968 Ken Thompson na ɗakin binciken Bell ya wallafa hanyar mayar da tsararren zubi ya zama umarnin da kwamfuta za ta bi ta yi bincike a cikin rubutu, daga nan ya shiga manhajojin Unix. Harshen Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, ya faɗaɗa shi. A 1997 Philip Hazel na jami'ar Kembirij ya rubuta PCRE domin manhajarsa ta isar da wasiƙu mai suna Exim, a 2001 kuma SpamAssassin ta fito, wadda yawancin dokokinta tsararrun zubi ne.

Buƙatar ta taso ne daga wata kafa da aka bari tun farko. Ƙa'idojin aika imel da aka tsara a 1982 an yi su ne domin jami'o'i da cibiyoyin da suka san juna, saboda haka ba su tanadi hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Layin da ke nuna daga wa wasiƙa ta fito, mai aikawa ne ke cika shi da hannunsa, kamar yadda kowa ke iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Ɗan damfara sai ya sa sunan banki, ya nemi mutum ya aiko da lambar sirrinsa.

Mai rubuta dokar tacewa yana neman tabon da ƙarya ke bari a siffar wasiƙa. Idan mazambaci ya sauya haruffa domin ya kuɓuce wa bincike, zubi kamar b[a4@]nk[i1] zai kama siffofi shida na kalmar banki, domin abin da ke cikin baka mai kusurwa zaɓi ne. Idan ya watsa ɗigo ko karan ɗori tsakanin haruffa, k[.-]*y[.-]*a[.-]*u[.-]*t[.-]*a zai kama kyauta ko da an rubuta ta k.y.a.u.t.a, nan kuma tauraruwar Kleene ce ke aiki. Domin gano sojan gona akan haɗa dokoki biyu: ɗaya ta ga sunan banki a inda ake nuna mai aikawa, ɗayar ta ga cewa abin da ya biyo alamar @ ba adireshin bankin ba ne. Akan kuma gwada iƙirarin wasiƙa da siffarta, misali ta ce daga Outlook ta fito alhali lambar shaidarta ba irin wadda Outlook ke bugawa ba ce. Kowace doka na da makinta, idan jimillar ta kai biyar, wanda shi ne mizanin SpamAssassin na asali, sai a ware wasiƙar.

Aikin na buƙatar idon mai nazarin harshe. A salon zamani ɗigo shi kaɗai na nufin kowane harafi, don haka wanda ya manta ya sa masa karkataccen layi a gaba ya buɗe ƙofa ga adireshin da ya yi kama da na gaskiya. Wanda bai ɗaure zubinsa da alamar ƙarshen layi ba zai karɓi adireshin da ya fara da sunan banki ya ƙare da na ɓarawo. Harafin a na rubutun Rasha da na boko kamarsu ɗaya a ido, amma lambarsu daban a kwamfuta, mazambata kuma sun san da haka. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ma na da tsada, domin rariya mai matsatsin ido tana riƙe gari tare da tsakuwa. Wata dokar SpamAssassin ta ɗauki duk shekarar da ta dace da 20[1-9][0-9] a matsayin kwanan wata na can gaba, wato alamar jabu. Da aka wayi gari ranar 1 ga Janairun 2010, sai ta shiga ɗora wa wasiƙun mutanen kirki maki a ko'ina cikin duniya, har aka yi gaggawar gyara ta.

Iyakar da Kleene ya shata tana nan ko a wannan fage. Ƙa'idar rubuta adireshi ta 1982 ta halatta sharhi a cikin baka, da wata baka a cikin bakar, ba iyaka. Wannan ita ce matsalar yaron da karen ya ciza a cikin wata riga, don haka babu tsararren zubi na asali da zai gane dukan adireshin da ƙa'ida ta yarda da shi. Masu Perl sun ƙara wa zubi ikon tuna abin da ya wuce, ta yadda (.+)-\1 zai kama maza-maza da iri-iri, amma sun biya farashi. Hanyar Thompson ta lamunce cewa lokacin bincike zai tafi daidai da tsawon rubutu, zubi mai waiwaye kuwa, in an rubuta shi da sakaci, yana iya cinye ƙarfin na'ura a kan layi guda.

Babbar iyakar kuwa ita ce zubi siffa kawai yake gani. Wasiƙar jabu da aka kwaikwaya ba tare da kuskure ba za ta shige, domin babu harafin da ya bambanta ta da ta gaskiya. Shi ya sa aka ƙaro wasu matakai: ƙididdigar yawan kalmomi bisa lissafin Thomas Bayes, wadda ta yaɗu daga 2002, da tsare-tsaren SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tambayar gidan da ake iƙirarin wasiƙa ta fito ko ya san da ita, ko kuma su duba hatiminsa na sirri. Duk da haka ba a ajiye rariyar ba, domin tana da sauri, kuma mutum na iya karanta dokarta ya fahimci dalilin da ya sa ta kama abin da ta kama.

Kleene ya rasu kafin saƙonnin shara su zama annoba, kuma ba domin su ya yi aikinsa ba. Ƙwaƙwalwa aka ba shi ya duba, ya dawo da ayyuka uku da hujja guda. Ɗalibin da ke son ya zaƙulo duk jam'in da ya ƙare kamar tagogi a cikin tarin rubutun Hausa, da ma'aikacin da ke tsaron akwatunan imel na jami'a, da waɗannan ukun suke aiki. Sunan da ya sa na wucin gadi, yana jiran a kawo wanda ya fi shi, shi ne dai ke cikin littattafai bayan fiye da shekara 70.